Mofin ga uwa mai ciwon daji, tiramadol ga ƙane mai ciwon baya: wanne ne abin tsoro?

Tambaya: "Likita, mahaifiyarmu tana fama da ciwon dajin mama wanda ya riga ya kai ga ƙashi. An rubuta mata mofin na sha, amma yayyenmu sun hana a ba ta, wai zai kama ta, kuma wai sai wanda aka fid da rai da shi ake ba wa. Ga kuma ƙanena, wata takwas ke nan yana shan tiramadol saboda ciwon baya. Likita ne ya fara rubuta masa guda biyu a rana, yanzu yana kai shida, wani lokacin har da maganin barci. Shi ba wanda ya ce masa kanzil. Mene ne gaskiyar amfanin waɗannan magunguna da illarsu?"

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya ba ku ladan jinya. A yadda kika bayyana lamarin, gidanku an bar jaki ana dukan taiki. Wadda ta fi kowa cancantar maganin an hana ta, wanda maganin ke neman illatawa kuma an zuba masa ido. Ban ga laifin yayyenki sosai ba, domin sunan mofin yana da nauyi a kunne, tiramadol kuwa ya zama ruwan dare har mutane sun daina ganin girmansa. Amma a cikin jiki 'yan gida ɗaya ne. Abin da ke raba amfani da illa a wurinsu shi ne irin ciwon da ake sha dominsa, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha, da adadin, da abin da aka haɗa su da shi.

Likitoci suna kiran wannan rukuni ofiyoid, ni kuma zan riƙa cewa dangin mofin. Asalinsu ƙaron wani fure ne da ake samun ofiyom daga gare shi. A wajajen 1805 wani matashi mai harhaɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga ofiyom, a 1832 kuma Pierre Robiquet ya fitar da kodin a Faransa. Daga baya aka koyi sarrafa wasu a ɗakin gwaji: oksikodon, fetidin, metadon, fentazosin, fentanil wanda Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam, da tiramadol wanda ya shiga kasuwa a Jamus a 1977. Ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Kodin kusan kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfin mofin, oksikodon ya ninka mofin sau ɗaya da rabi, fentanil kuwa ya ninka shi sau 50 zuwa 100.

A shekarun 1970 aka gano dalilin da ya sa suke aiki. A jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da lakar baya da hanji akwai wasu gurabe da waɗannan magunguna ke maƙalewa, kuma jikin ɗan Adam da kansa yana samar da sinadarai masu kama da mofin da ke zama a guraben nan don rage zafi. Idan maganin ya zauna a lakar baya, sai saƙon zafi ya ragu kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Idan ya zauna a ƙwaƙwalwa, sai mutum ya daina damuwa da ragowar zafin, wasu ma su ji wata natsuwa da daɗi. Matsalar ita ce guraben ba a hanyar zafi kaɗai suke ba. Suna nan a sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum numfashi ba tare da ya yi tunani ba, suna nan a hanji, suna nan a sashen da ke sa a yi marmarin maimaita abin da aka ji daɗinsa. Kusan duk illar da zan ambata daga nan ta samo asali.

Bari mu fara da Hajiya. Ciwon dajin da ya shiga ƙashi yana cikin ciwuka mafi tsanani da aka sani, kuma shi ne ainihin wurin da mofin ba shi da na biyu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na magance zafin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol da ibufurofen, idan ba su isa ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin, idan zafin ya tsananta a ba da mofin. Tsarin ya nanata a ba da shi ta baki, kuma a kan agogo, ba sai mara lafiya ta fara kuka ba. Wannan batu na agogo mutane da yawa ba su fahimce shi ba. Mofin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki yana ɗaukar kimanin awa huɗu a jiki. Idan aka ba da na gaba kafin na farko ya gama fita, zafin ba ya samun damar dawowa, kuma ɗan kaɗan ya isa. Idan aka jira sai ta fara murƙususu, sai an ba da mai yawa kafin a shawo kansa, ga wahalar da ta sha a banza. Ga tsofaffin da ba su taɓa sha ba, galibi akan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har a kai inda zafin ya lafa ba tare da barci ya rinjaye ta ba. Akan kuma ware wani ƙarin adadi, kamar kashi ɗaya cikin shida na abin da take sha a yini, don zafin da ke tasowa kwatsam, misali lokacin da za a juya ta ko a yi mata wanka. Likitan da ke ganinta shi ke da hurumin tsayar da waɗannan lambobi, naku shi ne ku riƙa rubuta lokacin da aka ba ta da yadda ta kwana, ku kai masa.

Maganar cewa mofin na wanda aka fid da rai da shi ne, ta samo asali ne daga jinkirin da ake yi. Ana hana mutum har sai ya kai gargara, a ba shi kwana biyu kafin rasuwarsa, sai dangi su ce maganin ne. Alhali ciwon ne ya kai matuƙa. Abin da masu kula da irin waɗannan marasa lafiya suka tabbatar shi ne mofin da aka ba da bisa ƙa'ida, ana ƙara shi mataki-mataki, ba ya gajarta kwana. Akwai masu shansa watanni, har shekaru, suna cin abinci, suna hira da jikoki, suna barci da dare. Zafin da ba a magance ba kuwa yana hana ci, yana hana barci, yana sa mutum kwanciya wuri ɗaya har gyambon kwanciya da ciwon huhu su same shi. Batun kamu kuma, ga dattijuwa mai ciwon daji wadda ba ta da tarihin shaye-shaye, ana ba ta a ƙarƙashin kulawa, abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ni a ganina hana ta maganin saboda wannan tsoro zalunci ne da aka yi da kyakkyawar niyya. Kuma ba gidanku kaɗai ba ne: wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ruwaito a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na dangin mofin da ake rabawa a duniya. Yuganda ta nuna ana iya gyara wannan, inda tun shekarun 1990 ake haɗa mofin na ruwa mai araha, daga baya aka ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi.

Wannan ba ya nufin ba shi da illa a jikinta. Ta farko, wadda kusan kowa ke samu, ita ce taurin bayan gida, kuma ita ce illar da jiki ba ya sabawa da ita ko an shekara ana sha. Shi ya sa ranar da aka fara mofin, ranar ya kamata a fara maganin sassauta ciki irin su sena ko laktulos. Idan ba a rubuta mata ba, ku tambaya. Tashin zuciya da jiri da yawan gyangyaɗi sukan zo a kwanakin farko, su lafa cikin mako guda. Bushewar baki, ƙaiƙayi, wahalar fitsari da ruɗewa ma sukan faru, musamman ga tsofaffi, kuma jirin kan jawo faɗuwa, wanda ga mai ciwo a ƙashi babban haɗari ne, don haka a riƙa riƙe ta idan za ta tashi. Sai ƙoda. Hanta ce ke sarrafa mofin, ƙoda kuma ta fitar da ragowarsa, kuma wani ɓangare na ragowar yana da ƙarfi kamar maganin kansa. Idan ƙodar ta yi rauni sai ya taru. Alamar taruwar ita ce barci mai nauyi, surutai, da fizgar gaɓoɓi. Idan an ga haka ba a watsar da magani gaba ɗaya ba ne, a gaya wa likita ya rage ko ya sauya zuwa wani. Ki kuma tambaye shi batun gashin ciwon daji da na'ura, domin ko zama ɗaya yakan rage zafin ƙashi ga kusan shida cikin goma na masu irin ciwonta, har a samu damar rage mofin ɗin.

Akwai wasu wuraren da dangin mofin ke da amfani na gaske: bayan babbar tiyata, karaya, ƙuna mai tsanani, tashin ciwon sikila, da sarƙewar numfashi a ƙarshen wasu cututtuka. Mai sikila da ya zo asibiti yana kuka, ƙa'ida ita ce a ba shi magani mai ƙarfi cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ba a tsaya ana zarginsa da neman ƙwaya ba. Abin da ya haɗa waɗannan duka, ban da sarƙewar numfashin, shi ne ciwon yana da ranar ƙarewa, kuma maganin na kwanaki ne.

Yanzu ga ƙanenki, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ciwon baya na yau da gobe ba shi da ranar ƙarewa, kuma nan ne dangin mofin suka fi ba da kunya. A 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka kan tsofaffin sojoji 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu. An raba su biyu, rabi a kan dangin mofin, rabi a kan magungunan da ba su ba, aka bi su shekara guda. Masu shan dangin mofin ba su fi sauran iya harkokinsu ba, zafinsu ma ya ɗan fi, ga illoli sun fi yawa a wurinsu. A 2023 wani gwaji a Ostireliya kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya ya nuna oksikodon bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba bayan mako shida. Ko a ɗakin agajin gaggawa, an gwada a birnin New York a 2017 aka ga ibufurofen miligiram 400 haɗe da farasitamol miligiram 1,000 sun rage zafin targaɗe da karayar hannu ko ƙafa daidai da magungunan da ke ɗauke da dangin mofin.

To me ya sa ƙanenki zai rantse cewa yana masa aiki? Saboda abu uku da mutane ke cakuɗawa, kuma ya kamata ki bambance su kafin ki yi masa magana. Na farko sabo: jiki ya saba, guda biyun da ke isa a da yanzu ba sa isa. Na biyu dogaro: jiki ya gyara kansa bisa zaton maganin yana nan kullum, ta yadda idan ya yanke sai ya rikice. Wannan yana samun duk wanda ya sha kullum na wasu makonni, har Hajiya ma zai same ta, kuma ba laifin hali ba ne. Na uku shi ne kamu na gaske: mutum ya kasa riƙe kansa, yana sha fiye da yadda ya yi niyya, yana ɓoyewa, yana zagaya likitoci, yana ci gaba duk da ya ga yana ɓata masa aiki da iyali. Ki lura da safiyarsa. Idan ya tashi yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, idanu na hawaye, tsikar jiki na tashi, cinyoyi da baya na ciwo, ya kasa zama wuri ɗaya, yana faɗa da kowa, sai ya haɗiyi ƙwaya bayan rabin awa ya dawo mutum, to ba ciwon bayansa maganin ya warkar ba. Ciwon rashin maganin ne ya warkar, wanda shi da kansa ya haifar. Bugu da ƙari, daɗewa a kan dangin mofin kan sa jijiyoyi su ƙara saurin jin zafi ga wasu mutane, har ciwon ya bazu zuwa inda babu shi a da, sai a ƙara adadi, abin ya ƙara muni.

Tsawon lokacin sha na farko yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi bayanan mutane sama da miliyan ɗaya ta wallafa a 2017: cikin waɗanda aka fara ba su maganin, kashi 6 cikin 100 suna kan sha bayan shekara. Idan shan farko ya kai kwana takwas, adadin ya haura kashi 13, idan ya wuce wata guda, kusan kashi 30. Shi ya sa bayan ƙaramar tiyata ko cire haƙori kwana uku zuwa biyar sun wadatar, in ma ana bukata.

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. A 1980 wata mujallar likitoci ta buga gajeriyar wasiƙa mai jimla biyar da ke cewa kamu ya yi ƙaranci ga marasa lafiyar da aka ba maganin a gadon asibiti. Aka yi shekaru ana kafa hujja da ita kan mutanen da ke sha a gida wata da watanni, abin da wasiƙar ba ta taɓa dubawa ba. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wata ƙwayar oksikodon mai aiki a hankali, aka tallata shi da cewa haɗarin kamu da shi kaɗan ne, a 2007 kuma kamfanin ya amsa laifin yaudara a kotu aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600. Da aka tsaurara rubuta maganin, waɗanda suka riga suka kamu suka koma hodar heroyin, daga nan zuwa fentanil na bayan fage. A 2021 da 2022, sama da mutum 80,000 ne suka mutu kowace shekara a ƙasar sakamakon dangin mofin. Heroyin ɗin ma, kamfanin Bayer ne ya fara sayar da shi a 1898 a matsayin maganin tari. Duk lokacin da aka ce an samo ɗan gidan nan wanda ba ya kama mutum, sai an yi hattara, kuma haka aka riƙa faɗa a kan tiramadol.

Tiramadol yana da nasa sharrin na daban. Ban da aikinsa irin na mofin, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa wasu ke jin kuzari da shi maimakon kasala, kuma shi ya sa yake jawo farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Iyakarsa ga babba mai lafiya miligiram 400 ne a yini. Ki ɗauki fakitin ƙanenki ki karanta lambar da ke jiki. Idan na miligiram 50 ne, shida sun zama 300. Idan na 100 ne, ya kai 600, ya wuce iyaka da nisa. Akwai kuma na 225 da 250 da ke yawo a kasuwar bayan fage, musamman a Afirka ta Yamma, waɗanda ba likitan kirki da zai rubuta. Haɗa shi da magungunan damuwa irin su fuluoksetin, satralin ko amitiriftilin kan haifar da zazzaɓi, gumi, rawar jiki da ruɗewa, wanda kan iya kai wa ga mutuwa. Yakan kuma saukar da sukarin jini.

Shi da kodin suna da wata matsala guda: sai hanta ta sarrafa su kafin su yi cikakken aiki, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6, kuma ba kowa ya gaji irin wannan sinadari daidai ba. Wani hantarsa ba ta juya kodin zuwa mofin sam, sai ya sha ba amfani. Wani kuma tana juyawa da sauri fiye da kima, kuma irin waɗannan sun fi yawa a Habasha da Arewacin Afirka da yankin Larabawa. An rasa yara ta wannan hanya bayan tiyatar maƙogwaro. Saboda haka a 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa. A 2018 Ostireliya ta hana sayar da kodin sai da takardar likita, Najeriya kuma ta haramta maganin tari mai kodin. Mai ciki da ta daɗe tana sha kada ta yanke da kanta, ta je asibiti, domin yankewar na iya taɓa cikin, kuma jaririn zai bukaci kulawa bayan haihuwa saboda shi ma jikinsa ya dogara.

Maganin barcin da kika ambata shi ne abin da nake so a daina wasa da shi tun yau. Dangin mofin suna kisa ne ta hanyar rage numfashi, kuma da yawa daga cikin mace-macen ba da su kaɗai ake yi ba, sai an haɗa da wani abu mai sa barci: diyazefam da danginsa, giya, firegabalin, gabafentin, ko wasu magungunan mura masu sa gyangyaɗi. Haɗarin ya fi ga mai asma ko ciwon huhu, mai ƙiba da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, tsoho, da mai ciwon ƙoda ko hanta. Yana kuma hawa da adadi: wanda ke shan kwatankwacin miligiram 50 na mofin a yini haɗarinsa ya ninka na mai shan ƙasa da 20 aƙalla sau biyu. Wani tarkon shi ne komawa bayan hutu. Sabo yana gushewa cikin 'yan kwanaki zuwa makonni, sai mutum ya koma kan adadin da ya saba a da, jikin kuma ba zai iya ɗauka ba. Idan kuma maganin barcin da ƙanenki ke sha diyazefam ne, ya kuma daɗe a kansa, shi ma ba a yanke shi dare ɗaya, domin yakan jawo farfaɗiya. Likita ne zai tsara wanda za a fara ragewa.

Ya kamata kowa a gidan ya san kamannin wanda magani ya fi ƙarfinsa, domin yana kama da barci mai daɗi. Mutum ne kwance yana wani irin minshari mai gurgura, an kira sunansa bai amsa ba, an girgiza kafaɗarsa bai motsa ba. Ki ɗaga fatar idonsa, za ki ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Leɓe da farce sun yi duhu ko toka-toka, jiki ya yi sanyi da danshi. Ki sa ido a ƙirjinsa ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cur da agogo. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya gaza 10, ko yana yin dogon shiru tsakanin numfashi, ba lokacin jira ba ne. Kada a ɗura masa komai a baki, kada a sa shi amai, kada a ce a bar shi ya farka da kansa. A kwantar da shi ta gefe, a buɗe hanyar iska, a nemi agajin gaggawa. Makarin shi ne nalokson, allura ko feshin hanci, wanda ke tunkuɗe maganin daga gurabensa cikin minti biyu zuwa uku. Amma ƙarfinsa na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, alhali maganin da aka sha yana nan, don haka ko ya farfaɗo sai an kai shi asibiti. Ga tiramadol ma nalokson ba ya hana farfaɗiyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 125,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2019, kuma ta ba da shawarar a ajiye nalokson a hannun mutanen da ke zaune da mai haɗari. Ku tambaya ko za a rubuta muku.

Akwai illolin da ke zuwa a hankali waɗanda maza ba sa son faɗa: daɗewa a kan maganin yana rage sinadarin mazakuta, sai sha'awa ta mutu, kasala da baƙin rai su shigo. Mata kuma al'adarsu kan rikice. Sau da yawa wannan ne ke sa namiji ya yarda ya rage, fiye da duk wani wa'azi.

Yadda za ki ɓullo wa ƙanenki yana da muhimmanci. Kada ki ƙwace ƙwayoyin ki zubar. Yankewa dare ɗaya tana kawo amai, gudawa, ciwon jiki da rashin barci, suna farawa cikin yini guda, su yi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, su lafa cikin mako ko kwana goma, tiramadol kuma kan ƙara da fargaba da jin kamar lantarki a kai. Wahalar ba kasafai take kisa ba, amma ita ke tura mutum neman abin da ya fi muni a bayan fage. Ragewa ake yi da likita, kamar kashi 10 cikin 100 duk mako ga wanda bai daɗe ba, duk wata ga wanda ya haura shekara. Idan ya kasa tsayawa kan tsarin, to kamu ne, kuma cuta ce mai magani: metadon da bufurenofin suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga waɗanda suka tsaya a kansu. Sannan a koma kan bayan da aka manta da shi wata takwas. A sake duba shi, musamman idan akwai sanyin ƙafa, kasa riƙe fitsari, zazzaɓi ko rama, domin tarin fuka ma kan kama ƙashin baya. Idan ba a ga wani abu mai haɗari ba, abin da ya fi taimako shi ne motsa jiki a ƙarƙashin masu gashin ƙashi, rage kwanciya, gyara barci, da ibufurofen na ɗan lokaci ga wanda ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Kar ki kira shi ɗan ƙwaya. Ki ce masa kin ga maganin ya daina yi masa aiki yadda ya kamata, za ki raka shi a sake lale.

Tunda mofin zai shigo gidan da akwai mai irin wannan matsala, a kulle shi, makullin a hannun mutum ɗaya, ana rubuta abin da aka fitar. Na ruwa a auna shi da sirinji ko kofin awon da aka bayar, ba cokali ba, a kuma duba ƙarfin da ke jikin kwalba duk lokacin da aka karɓo sabuwa, domin wata miligiram 5 ce a mililita 5, wata 10. Ƙwaya mai aiki a hankali, wadda ake sha sau biyu a yini, ba a tauna ta ba a daka ta, in ba haka ba maganin awa goma sha biyu zai shiga jini lokaci guda. Idan nan gaba aka mayar da Hajiya kan filastar fentanil, ana sauya ta duk awa 72, a cire tsohuwa kafin a manna sabuwa, kada a ɗora mata ruwan zafi domin zafi na ƙara saurin shigar maganin, kuma zazzaɓi ma haka. Wadda aka cire a ninke ta gam na kallon gam, a kawar da ita inda yaro ba zai kai ba, saboda ragowar da ke jikinta ta isa ta kashe ƙaramin yaro. Abin da ya rage na magani bayan an daina bukata a mayar da shi kantin maganin asibiti.

Ki nemi yayyenki su raka Hajiya ganin likita na gaba, su faɗi tsoronsu a gabansa, su ji amsa daga bakinsa. Kafin ranar, a fara ba ta maganin yadda aka rubuta, tare da na sassauta ciki.